Bin Diddigin Gyaran Gini: Bayani a kan Sarƙar Shaida da Jinga Mai Zartar da Kanta

1. Mafari

Ran Juma'a, 11 ga watan Agusta na shekarar 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufto a kan masallata. Mutum bakwai aka ƙirga sun rasu, daga baya adadin ya ƙaru, waɗansu da dama kuma suka ji rauni. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya bayyana wa 'yan jarida cewa tun ana gobe abin zai auku aka ga tsaga a jikin bango, ana cikin shirin kirawo injiniyoyi su duba ke nan, sai ƙaddara ta riga fata.

Ba nufin wannan takarda ba ne ta ɗora wa kowa laifi, ba kuwa wanda ya isa ya ce da an yi kaza da ginin bai faɗi ba. Amma al'amarin ya ta da wata tambaya wadda ta shafi kowane gini da jama'a ke taruwa a ciki, ko masallaci ne, ko makaranta, ko asibiti, ko gidan haya. In an ga tsaga a bango yau, ina za a duba a san jiya ta soma ko bara? Wa ya taɓa gyara wurin, da wane irin kaya, wa kuma ya duba aikin ya ce ya yi? Iya amsa waɗannan tambayoyi da hujja shi ne abin da a ke nufi da bin diddigi.

A 'yan shekarun nan masana harkar gini a ƙasashe da yawa suna gwada wata dabara ta kwamfuta domin wannan bukata. Sunanta na Turanci ya shigo bakin samari da lafazin bulokcen, tana kuma tafe da wata 'yar'uwarta wadda ma'anar sunanta ita ce "yarjejeniya mai wayo". A nan za a kira ta farkon sarƙar shaida, ta biyun kuma jinga mai zartar da kanta. Za a bayyana yadda su ke aiki, da abin da za su iya yi wa unguwa irin Hanwa, da abin da ya fi ƙarfinsu.

2. Yadda magabata su ke riƙe tarihin gini

An gina Babban Masallacin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Wanda ya shugabanci aikin shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, waɗansu kuma su kan kira shi Malam Mika'ilu. Har yau akwai unguwa a cikin birni mai sunan Babban Gwani. A cikin shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da wani sabo na siminti. Watau kafin wannan lokaci ginin ƙasa ya yi shekara fiye da ɗari yana shan rana da ruwa a fili bai faɗi ba. Ba ƙarfin ƙasa kaɗai ya riƙe shi ba, tattali ne.

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannu a kansa kowace shekara. Ruwan da ke sauka a Zariya ya kan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, yawancinsa tsakanin Mayu da Oktoba, ya fi kuwa tsanani a Agusta. Sabo da haka magina su ke da lokatai sanannu. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, a ke yin yaɓe a cike wuraren da ruwa ya zaizaye. Kafin damina ta faɗi a hau soro a toshe tsage-tsage, a share indararo. Ana shafe bango da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Rufin mai hali kuwa a kan yi masa laso, watau katsin marina da a ke haɗawa da gashin jima da dafara. A duba azara a ga ko gara ta taɓa ta, ko danshi ya ruɓar da bakinta inda ta shiga bango.

Duk wannan ba a rubuce ya ke ba, amma kuma ba a ɓace ya ke ba. Gini sana'ar gado ce. Maginin da ke yaɓe gida bana, sau da yawa ubansa ko kakansa ne ya ɗora tubalinsa, ya san inda aka sa azara biyu, ya san kusurwar da ta saba cin ruwa. Magina sun san hannun juna, in sun ga aiki su kan faɗi mai shi. Sarkin Magina ke tara su in aikin Sarki ya tashi, shi ke raba gardama tsakanin magini da mai gida. Ga kuma maƙwabta da mai unguwa, waɗanda a gabansu aka yi aikin. To, mai karatu ya lura da abu uku a wannan tsari: an san wanda ya yi aikin, shaidu suna da yawa, ba kuwa mutum ɗaya da ya isa ya share abin da unguwa duka ta gani.

Raunin tsarin shi ne a ƙirjin mutane ya ke zaune, in sun kau sai ya bi su. Wani masanin gine-gine mutumin Folan, Zbigniew Dmochowski, da mataimakansa 'yan Nijeriya sun auna masallacin Zariya sun zana shi daki-daki, aka buga aikin a 1990 bayan rasuwarsa. Wannan babban abin alheri ne. Amma zane siffar gini ya ke nunawa a ranar da aka auna shi, ba ya faɗin abin da aka yi masa bara ko abin da za a yi baɗi.

3. Abin da ya sake a Hanwa

Hanwa tana bayan ganuwa, kusa da Kwangila, a kan hanyar zuwa Samaru. Kamar Tudun Wada da sauran unguwannin da suka bunƙasa a wajen birni, a cikinta a kan ga tsofaffin gidajen ƙasa, da rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi, da sababbin gidajen bulo, da benaye, da makarantu da masallatai da jama'a suka gina da karo-karo. A irin wannan wuri igiyar nan ta gado ta tsinke. Birkila daga wani gari ya ke zuwa, in ya gama ya ƙara gaba. Ɗan kwangila ya kan karɓi aiki ya sayar wa wani. Mai gida yana Kaduna ko Abuja, wakili ke karɓar haya, 'yan haya kuwa bana waɗannan, baɗi waɗancan.

Har wa yau kayan ginin ma sun sake hali. Bangon ƙasa ba ya ɓoye ciwonsa, kowa ya wuce ya ga inda ya zaizaye. Kankare kuwa mai zurfin ciki ne. Da zarar an yi filasta an shafa fenti, ido ba ya iya sanin buhun siminti nawa aka zuba wa yashi, ko kaurin rodin da ke cikin ginshiƙi, ko tsatsa ta soma cinsa. Abin da ido ba ya gani, dole a dogara ga takarda. Takarda kuwa cuta uku gare ta. Ta kan ɓace: gara ta ci fayil, ko ma'aikaci ya sami canjin wurin aiki ya tafi da abin da ya sani. Ta kan saku: a rubuta rasit bayan an yi ɓarna, a sa masa kwanan watan baya. Ta kan kuma saɓa: takardar ɗan kwangila ta ce an canza kwano ashirin, ta ofis ta ce arba'in, ba mai raba gardama.

Kada a zaci ciwon na ƙasar nan ne kaɗai. Ran 14 ga Yuni 2017 gobara ta kama wani bene mai hawa 24 a Landan, mai suna Grenfell, mutum 72 suka hallaka. Wutar ta bi wani rufin bango ne da aka liƙa wa benen sa'ad da aka yi masa gyara ba da daɗewa ba. Gwamnatin Birtaniya ta sa wata injiniya, Judith Hackitt, ta binciki dokokin gini, ta ba da rahoto a Mayu 2018. Cikin abin da ta gano har da cewa bayanan manyan gine-gine ba sa bin ginin daga hannu zuwa hannu. Ta ba da shawara a riƙe abin da ta kira zaren zinariya, watau bayani ɗaya ingantacce da zai bi gini tun daga zane har ƙarshen rayuwarsa. Dokar da aka kafa a 2022 ta wajabta haka a Ingila ga gidajen kwana masu tsawon mita 18 ko hawa 7 zuwa sama.

4. Mece ce sarƙar shaida?

Sarƙar shaida kundi ne, watau littafin rubuta abin da ya faru, amma an tsara shi yadda zai yi maganin cututtukan nan uku. Asalin sunanta kalma biyu ne, ɗaya na nufin sarƙa, ɗayar kuwa ita ce Hausa ta ara tun tuni ta mai da ita bulo. Kwatancin ya dace da magina ƙwarai: kowane layin bulo a kan na ƙasa ya ke zaune, ba yadda za a zare na ƙasa na sama bai motsa ba. Abu huɗu ke riƙe da ita.

Na farko shi ne tambari. Akwai wani lissafi da kwamfuta ke yi wa rubutu, ko hoto, ko muryar da aka ɗauka, kome tsawonsu, ta fitar da ɗan gajeren jeri na haruffa da lambobi. Wani sananne daga cikin irin wannan lissafi, mai suna SHA-256, jerinsa guda 64 ne kullum. Ko ɗigo ɗaya aka sake a rubutun, jerin zai fito dabam sarai. Sabo da haka wanda ya riƙe tambarin takarda zai iya gane ko an taɓa ta.

Na biyu shi ne ƙulli. Ana tara bayanai shafi-shafi, kowane sabon shafi kuwa yana ɗauke da tambarin wanda ya gabace shi. Wanda ya koma shafi na goma ya sake kwanan wata, tambarin shafin zai sake, ya saɓa da abin da ke rubuce a na goma sha ɗaya, haka har zuwa ƙarshe. Ɗalibin ilmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, gama haka salsalar malamai ta ke: kowa ya faɗi wanda ya karɓa daga gare shi, in zobe ɗaya ya yi rauni a gane.

Na uku shi ne yawan masu riƙo. Kundin ba a ofis ɗaya ya ke ba. Kowane mai ruwa da tsaki yana da kwafinsa cikakke a kwamfutarsa, ba kuwa a ƙara shafi sai bakinsu ya zo ɗaya bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa. In kwafi ɗaya ya ƙone, saura suna nan. In wani ya yi wa nasa coge, na saura su ƙaryata shi.

Na huɗu shi ne sa hannu. Kowane mai rubutu yana da mabuɗi biyu na lissafi, ɗaya na asiri wanda ya ke sa hannu da shi, ɗaya na sarari wanda kowa zai gwada ya tabbata shi ne ya sa. Ta haka ba wanda zai rubuta da sunan wani, ba kuma wanda zai rubuta ya dawo ya yi musu.

Tushen dabarar ba kuɗi ba ne, ko da ya ke da kuɗi ta yi suna. A 1991 waɗansu masana biyu a Amurka, Stuart Haber da Scott Stornetta, suka bayyana hanyar ƙulla takardu da tambari domin kada a sake musu kwanan wata. A 2008 wani mai ɓoye kansa da sunan Satoshi Nakamoto ya ɗora kuɗin Bitcoin a kan wannan tushe, aka soma aiki da shi a Janairu 2009. Kundin Bitcoin na kowa da kowa ne, duk mai so ya shiga. Akwai kuma kundin 'yan gida, wanda sai an san mutum an ba shi izini, kamar tsarin Hyperledger Fabric. Wannan na biyu shi ya fi dacewa da gyaran gini, domin masu hannu a gini ɗaya ƙididdigaggu ne, kuma sanannu.

5. Jinga mai zartar da kanta

Bahaushe ya bambanta ƙwadago da jinga. Ɗan ƙwadago ladan yini a ke biyansa. Jinga kuwa ita ce a daidaita a kan aiki dungum tun ba a soma ba: ka yaɓe katangar nan, in ba ka kaza. Sau da yawa a kan ba da kafin alƙalami, ciko sai an gama. Rigimar jinga iri biyu ce tun fil azal: ko mai aiki ya karɓi kuɗi ya yi ha'inci, ko ya gama mai gida ya riƙa ce masa gobe, jibi. Maganin da aka sani shi ne a ajiye kuɗin a hannun wani amintacce, a kuma kafa shaidu.

Jinga mai zartar da kanta ita ce a mai da wannan amintacce ya zama umarni rubutacce a cikin sarƙar shaida: in kaza ya tabbata, a yi kaza. Wani masani Ba'amurke, Nick Szabo, shi ya kawo ra'ayin a 1994, ya kwatanta shi da na'urar sayar da kaya wadda in an jefa mata kuɗi daidai ta saki abin da aka biya, ba ta sanin sabo, ba ta jin magiya. Ra'ayin bai yaɗu a aikace ba sai da aka buɗe tsarin Ethereum a Yuli 2015. Sunan "mai wayo" da aka laƙaba mata ya yi mata yawa. Ba ta da wayo ko kaɗan. Abin da aka rubuta mata kaɗai ta ke bi, daidai ne ko kuskure. Amfaninta shi ne da zarar an kafa ta, ba wani ɓangare ɗaya da zai iya tsai da ita ko ya karkatar da ita a ɓoye.

6. Misali

A ƙaddara wata makaranta ce a Hanwa, rufin aji ɗaya yana yoyo. Masu riƙe kwafin kundin su biyar ne: shugaban makaranta, ƙungiyar iyaye da malamai, ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, injiniya mai duba aiki, da kafintan da za a ba jinga.

A watan Maris wata malama ta ga tabon ruwan bara a silin. Ta ɗauki hoto da wayarta, ta faɗi lambar ajin, ta sa hannu. Hoton kansa a wata ma'ajiya dabam za a adana shi, tambarinsa da lokacin da aka aiko shi su ne za su shiga kundi. An riga an rubuta ƙa'ida cewa rahoton yoyo in ya kwana bakwai ba amsa, saƙo ya tafi ga mutum biyar ɗin nan gaba ɗaya. In kuwa rahoton tsaga ne a ginshiƙi, kwana ɗaya tak. Daga nan ba mai iya cewa bai ji ba.

Injiniya ya hau ya duba, ya rubuta yawan kwano da katakon da za a canza da irin kaurinsu. Aka yi jinga da kafinta, aka zuba kuɗin duka a ma'ajiyar da jingar ke iko da ita. Kashi 30 cikin ɗari ya fita nan take, kafin alƙalami. Kashi 65 ba zai fita ba sai biyu daga cikin mutum uku, watau injiniya da shugaban makaranta da wakilin iyaye, sun sa hannu cewa aiki ya kammala. Da sun sa kuwa, kuɗi ya faɗa asusun kafinta, ba sai ya yi zarya a ofis ba. Sauran kashi 5 a riƙe shi har damina ta wuce, kamar yadda aka saba riƙe wani abu a kwangila domin aibin da zai fito daga baya. In Oktoba ta ƙare ba rahoton yoyo a wannan aji, ya fita da kansa.

Bayan shekara biyar an sake shugaban makaranta, malamar ta yi ritaya, silin ya sake jiƙewa. Sabon shugaba zai buɗe kundi ya ga ranar da aka fara gani, da wanda ya gyara, da irin kwanon da aka sa, da waɗanda suka ce aikin ya yi. Abin da maginin gado ke riƙe da shi a ka, ga shi ya dawo a rubuce. Kafintan kirki ma ya ci riba, gama ya sami tarihin aiki da zai nuna a wani wuri.

7. Abin da ya fi ƙarfinta

Wajibi ne a faɗi iyakar abin, domin masu tallarsa sun cika zuzutawa. Ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro shi, yawancin abin da a ke da shi a fannin gyaran gini gwaje-gwaje ne da binciken jami'o'i.

Da fari, kundi ba ya ganin bango. Abin da aka gaya masa ya ke tsarewa. In injiniya da ɗan kwangila suka haɗa baki suka rubuta ƙarya, sarƙar za ta riƙe ƙaryar daram kamar yadda za ta riƙe gaskiya. Abin da ta ƙara kaɗai shi ne maƙaryacin ba zai iya janye sa hannunsa ba ran da asiri ya tonu. Ana iya liƙa na'urori masu auna danshi ko buɗewar tsaga su riƙa aika labari da kansu, amma su ma su kan lalace, a kan kuma liƙa su inda ba ciwon ya ke ba.

Na biyu, sani dabam, aiki dabam. A garin Surfside na jihar Fulorida a Amurka, wani injiniya ya rubuta rahoto a 2018 cewa kankaren wani bene mai hawa 12 ya yi mummunar lalacewa. Rahoton bai ɓace ba, ba kuwa wanda ya sake shi. Amma ba a kai ga yin babban gyaran ba har benen ya rushe ran 24 ga Yuni 2021, mutum 98 suka mutu. Rubutu ba ya kwaɓa siminti.

Na uku, umarnin da aka rubuta da kuskure da kuskurensa zai zartu. A Yuni 2016 wani ya sami kafa a cikin wata babbar jinga a kan Ethereum, ya janye kuɗin tsarin har kimanin miliyan 3.6. Sai da jama'ar tsarin suka taru suka sake ƙa'ida kafin a mai da dukiyar, waɗansu suka ƙi yarda, tsarin ya rabu biyu. Ashe ko a nan ma hukuncin ƙarshe na mutane ne.

Na huɗu, sarƙa ba ta ƙulluwa sai masu riƙo sun yarda su shiga. Kamfanonin Maersk da IBM sun buɗe wani kundi mai suna TradeLens a 2018 domin bin diddigin kayan jiragen ruwa, amma a Nuwamba 2022 suka ba da sanarwar rufe shi, domin bai sami haɗin kan da zai sa ya riƙe kansa ba. In manya irin waɗannan sun gaza tara abokan sana'a, mai son tara birkila da ɗan kwangila da ma'aikacin ofis ya san da aiki a gabansa, balle wanda ke cin moriyar duhu ba zai yi murna da fitila ba. Ga kuma tsadar wuta da intanet, da hatsarin mutum ya ɓatar da mabuɗinsa na asiri ko ya ara wa yaronsa.

Na biyar, abin da ba ya gogewa bai kamata a zuba masa asirin mutane ba. Sunan ɗan haya, da lambar wayarsa, da zanen cikin gida, wurinsu dabam, musamman da ya ke Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a Yuni 2023. Daga ƙarshe, inda mai gini ɗaya ne, shi ke biya shi ke dubawa, littafi da biro sun wadatar. Dokar Ingila ma da aka ambata ta ce a riƙe bayani a kwamfuta cikin tsaro, ba ta ce lalle sai da sarƙar shaida ba. Sarƙar tana da amfani ne inda masu hannu su ke da yawa, kuma ba wanda saura duka suka amince ya riƙe littafi shi kaɗai.

8. Shiri a Nijeriya, da batun harshe

Ta fuskar hukuma an ɗan share fage. Ran 6 ga Afrilu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 11, wanda ya umarci ma'aikatun Tarayya su kafa sassan kula da gine-ginensu. Ran 3 ga Mayu 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan sarƙar shaida. Kuɗin eNaira, wanda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar ran 25 ga Oktoba 2021, a kan Hyperledger Fabric aka gina shi, ko da ya ke bai sami karɓuwa sosai a kasuwa ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar bayanin da ya fito daga kwamfuta bisa sharuɗɗa. A Samaru kuma, ba nisa da Hanwa, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen koyar da gini da na kimiyyar kwamfuta.

Sauran abu ɗaya da ba a cika ambata ba, shi ne harshe. Wanda ke fara ganin tsaga ba injiniya ba ne. Ladan ne, ko maigadi, ko mai shara, ko malamar aji. Da Hausa za su faɗa. Na'ura kuwa ba ta san "ka dai gane" ba, kowace kalma sai an yanke mata ma'ana ɗaya. Hausa tana da kalmomin, sai dai ba a tsai da iyakokinsu ba. Bango ya kan tsage, ya kan dare, ya kan zaizaye, ya kan bubbuge. Rufi ya kan yi yoyo, bango ya kan yi danshi. Wanne ne na kwana bakwai, wanne ne na a fitar da yara yanzu? Haka kuma "an gyara" tana iya nufin faci, ko kwaskwarima, ko garambawul. Jingar da ta ce a biya in "an gyara" za ta biya mai shafa fenti a kan tsaga daidai da wanda ya tone ya ɗaure ginshiƙi. Ita kanta kalmar gyara tana nuna abu ya riga ya ɓaci; abin da magabata ke yi kafin damina tattali ne, ya kamata kundi ya raba su.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Zariya, garin da aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka saba wa Hausa da ɗaukar sababbin al'amura. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta yi irinsa a kan kalmomin aro. Abin da a ke bukata yanzu shi ne masana harshe su zauna da tsofaffin magina da birkiloli da injiniyoyi, a tattara kalmomin ciwon gini da na maganinsa, a jera su bisa hatsarinsu, kowace da hotonta. Tun da muryar da aka ɗauka ma tana karɓar tambari, wanda bai iya boko ba ba a bar shi a baya ba.

9. Kammalawa

Sarƙar shaida ba ta zo da sabon abu a kan amana ba. Abu ukun nan da tsarin magina ya tsaya a kai, watau sanin mai aiki, da yawan shaidu, da rashin iya sharewa, su ta ke ƙoƙarin mayarwa a wurin da mutane ba su san juna ba. Tana hana a sake abin da aka rubuta, amma ba ta sa a rubuta gaskiya, ba ta kuwa hawa tsani.

Sabo da haka kwamitin masallaci ko na makaranta a Hanwa ba sai ya jira kwamfuta ba. Ya sami littafi ɗaya na ginin, shafuffukansa da lamba, a rubuta duk abin da aka gani da abin da aka yi, da rana, da sunan mai aiki da na mai dubawa, a ɗauki hoton kowane shafi a aika wa mutum uku waɗanda ba a ƙarƙashin juna su ke ba. A kuma sa ranar dubawa sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Jama'ar da ta saba da wannan, ran da sarƙar ta iso za ta tarar da abin ƙullawa. Wadda ba ta saba ba, ko an kawo mata na'ura, shafi fari za ta riƙa adanawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ta fi hatsari ita ce wadda wani ya gani, ya faɗa, ba a kuwa san inda maganarsa ta kwana ba.